Yadda Ake Gano Abin Da Ya Hana Na'urar Tace Iska Gyara Iskar Ɗaki, Da Yadda Za Ka Sa Ta Yi Aiki

Mutane da yawa suna sayen na'urar tace iska su kai gida su jona a soket, ƴar fitilar nan ta kama, shikenan hankali ya kwanta wai an gama da ƙura da hayaƙi. Bayan wata biyu kuma atishawar tana nan, yaro mai asma yana nan yana tari da daddare, ƙura na nan kwance a kan talabijin, sai ka ji ana cewa ai na'urar ce jabu. Wani lokacin jabun ce kam, amma a yawancin gidajen da na sha dubawa na'urar lafiyarta ƙalau, yadda aka zaɓe ta da inda aka ajiye ta da yadda ake kunna ta su ne suka kashe mata aiki.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara: na'urar nan fanka ce kawai da filta, tana jan iska ta tace ta dawo da ita ɗakin. Ragewa take yi. Idan dattin da ke shigowa ɗakin, ko wanda ake yi a cikinsa, ya fi ƙarfin abin da take kwashewa a kowace awa, to ba za ka ga canji ba ko da ita ce tafi kowacce tsada a shagon. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan lissafin suke tafiya.

Kayan da za ka tanada

- Tef ɗin awo, don auna ɗakin
- Takarda da biro, ko kalkuletan waya
- Littafin da ya zo da na'urar, in ya ɓata ka nemi lambar samfurin a bayanta ka duba a intanet
- Tocila mai haske sosai
- Tishu falle ɗaya
- Ashana
- Burushi mai laushi ko injin zuƙar ƙura
- Tsumma mai laima
- Soso ko robar toshe kafar ƙofa da taga, in babu tsohon tawul ma ya isa
- Ƙaramar mitar auna PM2.5, wato ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska. Wannan ita ce ta fi komai amfani a jerin, in ba ka da ita ka ara, in ba a samu ba akwai dabarar da zan faɗa a mataki na 7, sai dai ba ta kai mitar ba gaskiya

Mataki na 1: Gane me ke damun iskar ɗakinka tukunna

Dattin iska kashi biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ɓurɓushi, wato ƙura, hayaƙi, garin furanni, ƙwayayen funfuna, gashin dabbobi da ɓawon fatarsu. Akwai kuma gas, wanda ba shi da jiki da za a kama, irin warin fenti, warin gam ɗin sabon katako, abin da ke tashi daga murhun gas, da iskar da mu kanmu muke fitarwa.

Filta irin HEPA ɓurɓushi kaɗai take kamawa. A ma'aunin Amurka sai filta ta kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiromita 0.3 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) kafin a kira ta HEPA, a ma'aunin Turai kuma akwai aji H13 mai kama kashi 99.95 da H14 mai kama 99.995. Wannan PM2.5 da kake ji kuwa ɓurɓushin da girmansa bai wuce maikiromita 2.5 ba ne, silin gashin mutum ya kai wajen maikiromita 70, kaga ido ba zai gan shi ba, kuma shi ne yake wucewa can ƙasan huhu. A nan HEPA gwana ce. Amma gas kam ratsa ta yake yi ya wuce kamar ba ta wurin.

To ka tambayi kanka, ƙorafin gidan menene? In wari ne, HEPA ba za ta yi ba, sai gawayin nan da aka sarrafa da ake sawa a filta, shi ma sai mai yawa. Yawancin na'urori wani ɗan baƙin soso siriri suke sawa su rubuta a kwali cewa yana kawar da wari, wannan cikin ɗan lokaci yake cika ya daina aiki. Mai aikin gaske za ka ji filtar da nauyi, in ka girgiza ta ka ji ƙwayoyin gawayin suna ƙara a ciki.

Akwai kuma abubuwan da babu na'urar gida da za ta yi maganinsu, kar ma ka sa rai. Na farko kabon monoksaid, wanda ke fitowa daga janareto, gawayi da ake hurawa a ɗaki, ko murhun da ba ya ci daidai. Ba shi da wari ba shi da launi kuma yana kisa cikin barci. Maganinsa a fitar da abin waje nesa da taga, a sa na'urar ƙararrawa ta musamman da ke gano shi. Na biyu kabon dayoksaid na numfashinmu, shi sai an buɗe an shigo da sabuwar iska. Na uku funfuna da ke bango saboda danshi, na'ura za ta kama ƙwayayen da suka tashi amma bangon zai ci gaba da haifar wasu, sai an gyara yoyon an busar da wurin, a riƙe danshin ɗaki ƙasa da kashi 60 cikin 100.

Wani abu da mutane ba sa so su ji shi ne masu atishawa saboda ƙananan ƙwarin ƙura da ke katifa da matashi ba kasafai na'urar ke taimakonsu sosai ba, don dattin ƙwarin yana da nauyi, ba ya daɗewa a iska, yana kwance ne daidai inda ka sa hancinka. Wanke zanin gado da ruwan zafi mai digiri 60 da sa wa katifa rigar da ba ta barin ƙura ta fita ya fi musu amfani.

Mataki na 2: Cire wuta ka buɗe na'urar

Kar ka tsallake wannan ko da kana ganin wasa ne. Sabuwar filta a cikin leda take zuwa, a cikin na'urar, kuma wallahi ba ƙaramin adadin mutane ne ke kunna ta watanni a haka ba. Fanka na juyawa, ƙara na tashi, fitila na ci, iska kuwa ko ɗaya ba ta ratsa filtar. Buɗe murfin ka zaro ta ka duba ko'ina, wasu ma filta biyu ne kowacce da ledarta.

Daga nan ka duba kibiyar da ke gefen filtar, tana nuna inda iska za ta bi, dole ta fuskanci cikin na'urar wajen fanka. Sai ka duba bakin filtar, akwai soso ko roba da ya zagaye ta, ya kamata ta zauna daram babu tsaga. Haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba, in ka ga haske na fitowa ta gefe to iska ma ta nan take bi, don iska hanyar da ta fi sauƙi take nema, ba za ta wahalar da kanta ta ratsa takarda mai kauri ba alhali ga kafa a buɗe. Irin wannan ya fi faruwa da filtar canji mai arha wadda ba ta kai girman ta asali ba da ƴan milimita. In babu wata ka liƙa siririn soso a gefen har ta matse.

Karanta rubutun jikinta kuma. In ka ga an rubuta "irin HEPA" ko "mai kama da HEPA" babu aji babu lamba, wannan wayon ƴan talla ne, ba a gwada ta a ma'aunin ba.

Mayar da komai ka kunna, ka kawo falle tishu kusa da inda take jan iska. Ya kamata ta fizge shi ya manne. In ya faɗo, ko filta ta toshe ko fankar ta gaji.

Mataki na 3: Lissafin girman ɗaki, nan ne mafi yawa suke faɗuwa

Kashi 99.97 ɗin nan da ake rubutawa da manyan baƙi yana ruɗar mutane. Wannan na iskar da ta ratsa filtar ne kawai. Tambayar gaske ita ce iska nawa take ratsawa a awa ɗaya? Lambar da ke amsa wannan ita ce CADR, wato yawan tsabtatacciyar iskar da na'ura ke bayarwa. Ƙungiyar masu ƙera kayan gida ta Amurka, AHAM, ita ke gwadawa ta ba da lamba uku, ta hayaƙi, ta ƙura, da ta garin furanni. Ta hayaƙin za ka duba don ƙwayoyinsa ne suka fi ƙanƙanta.

Ga yadda za ka yi. Auna tsawo, faɗi da tsayin ɗakin ka ninka su. Misali ɗaki mai mita 4 a 5, silin mita 3, ya zama kubik mita 60. Abin da ake so shi ne a tace iskar ɗakin kamar sau 5 a awa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ma a shekarar 2023 wannan adadin ta ba da shawara a nema a wuraren da mutane ke zama. To 60 sau 5, kana buƙatar CADR na kubik mita 300 a awa. In lambar na'urarka a CFM aka rubuta ta, wato kubik ƙafa a minti, ninka ta da 1.7 ka samu kubik mita a awa, kaga ɗakin namu yana son wajen CFM 176.

Yanzu ɗauki ƴar na'urar nan mai kyan gani da ake ɗorawa a kan tebur, a ce CADR ɗinta kubik mita 80 ne a awa. A wannan ɗakin ko sau ɗaya da rabi ba za ta zagaya iskar ba a awa. Tana aiki fa, ba ƙarya take ba, amma kafin ta kwashe wani ya shigo.

Abu biyu da za ka kiyaye. Na ɗaya, CADR a gudu mafi ƙarfi ake gwada shi, gudun da babu wanda zai iya barci da ƙararsa. In a lamba ɗaya ko yanayin barci kake barinta, abin da kake samu ɗan kaɗan ne daga lambar kwalin. Shi ya sa ni kullum shawarata a sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin a riƙa kunna ta a matsakaicin gudu, ka samu iska ka samu barci. Na biyu, inda aka rubuta "ta isa ɗaki mai murabba'in mita kaza" kar ka yarda kai tsaye, wasu kamfanoni da zagaye ɗaya ko biyu a awa suke lissafinsu don lambar ta yi girma. In kwali bai nuna CADR ba kwata-kwata ni dai ajiye shi nake yi.

Falo da ke haɗe da kicin ko baranda babu ƙofa, duk ɗaki ɗaya ne a lissafi, ka haɗa su. Kuma na'ura ɗaya a falo ba za ta tace ɗakin kwana ba, iska ba ta bin kwana haka. In ɗaya kake da ita, kai ta inda ka fi daɗewa, wato ɗakin barci. In kana da ƙanana biyu, haɗa CADR ɗinsu ake yi, ka ajiye su nesa da juna.

Mataki na 4: Rage abin da ke shigowa da abin da ake yi a ciki

Kunna na'ura taga na buɗe ga titi mai motoci daidai yake da kwarfe ruwa a ɗaki famfo na zuba. Rufe taga da ƙofa lokacin da kake son ta yi aiki. Bi gefen tagogi da bayan hannunka ka ji inda iska ke shigowa, ka toshe da soso, ƙasan ƙofa kuma ka shimfiɗa tawul.

Sai na cikin gida. Suya da mai mai zafi, musamman in ya fara hayaƙi, tana iya ɗaga PM2.5 na gida sama da na titi cikin ƴan mintuna. In akwai fankar zuƙar hayaƙi a kicin a kunna ta, amma ka duba ko waje take fitarwa, don wasu tacewa kawai suke su dawo da shi kicin ɗin. In babu, buɗe tagar kicin ka rufe ƙofar da ke haɗa shi da sauran gidan. Sigari, kyandir, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, duk abin da ke ci da wuta hayaƙi ne, ƙamshinsa bai canza komai ba a wajen huhu. Mai shan sigari a ɗaki babu na'urar da za ta wanke shi, waje zai fita.

Shara da busasshiyar tsintsiya ƙurar ƙasa take ɗagawa sama, a goge da mopa ko tsumma mai laima. Injin zuƙar ƙura marar filta mai kyau shi ma haka, ya zuƙa ta gaba ya feso ƙananan ta baya. Akwai kuma na'urar ƙara danshi mai fitar da farin tururi mai sanyi, in ruwan famfo ake zuba mata gishirin ruwan take fesawa a iska ya zama farar ƙura a kan kaya, mita za ta yi ta hawa kana neman dalili.

Ƙurar da ka gani a kan tebur kuwa, kar ka auna na'urar da ita. Manyan ƙwayoyi sauka suke yi kafin su kai bakin na'ura, za ta ragu amma goge-goge na nan.

Mataki na 5: Inda za ka ajiye ta

Saboda ba ta da kyan gani sai a tura ta lungu, bayan kujera, ƙarƙashin tebur, ko labule ya rufe mata baki. A haka iskar da ta fitar ita take sake ja, ta yi ta tace ɗan lungun nan sauran ɗakin na nan yadda yake. Ba ta sarari aƙalla rabin mita ta inda take ja da inda take fitarwa, ko abin da littafinta ya ce. Mai jan iska ta kowane gefe ba a manna ta da bango. A ɗakin barci sa ta mita ɗaya zuwa biyu daga gado yadda tsabtatacciyar iskar za ta bi ta wajen kanka. In akwai fankar sama a ƙaramin gudu tana taimakawa wajen gauraya iskar ɗakin.

Mataki na 6: Gudu da lokaci

Na'urar nan ba a kunna ta awa ɗaya a kashe. Da ka kashe, dattin zai fara dawowa, cikin awa ɗaya ko biyu ɗakin ya koma kamar da. Muddin akwai mutum a ɗakin a bar ta tana aiki, yawancinsu ba su da cin wuta sosai a matsakaicin gudu. Dabarar da nake bi ita ce a sa ta a mafi ƙarfi kamar rabin awa kafin a shiga kwanciya ƙofa a rufe, in an zo barci a rage zuwa gudun da kunne zai ɗauka. In wuta na yawan ɗaukewa ka duba ko taka tana tashi da kanta in an dawo da ita, da yawa ba sa yi, sai ka wayi gari tana kashe tun tsakar dare.

Maɓallin "auto" kuwa ni ban cika yarda da shi ba. Sensar da ke ciki a jikin na'urar take, iskar da ke kusa da ita take shaƙa, wadda ita ce mafi tsabta a ɗakin, sai ta nuna kore ta rage gudu alhali can gefen gado labari daban ne. Wasu sensocin ma masu arha ne ba sa ganin ƙananan ƙwayoyi sosai, ga ƙura na toshe musu ido. Akwai ƴar ƙofa a gefe ko baya, buɗe ka goge da auduga busasshiya lokaci-lokaci. Amma dai ka saita gudun da hannunka ya fi.

Mataki na 7: Gwada ka gani da idonka

Wannan ne zai raba gardama. Mai asma da yara su fita tukunna. Rufe ƙofa da taga, kashe na'urar, ajiye mitar a inda kake zama ko kwanciya, nesa da na'urar, ka rubuta lambar da ta nuna. Kyasta ashana uku ko huɗu ka hure su hayaƙin ya tashi, kaɗa iskar da kwali ya gauraya, jira minti biyu zuwa uku lambar ta tsaya, a ce ta kai 100. Kar ka kunna komai, ka duba agogo ka ga minti nawa za ta ɗauka ta sauko rabi. Wannan shi ne saukar da ɗakin ke yi da kansa.

Sai ka sake yin hayaƙin, wannan karon ka kunna na'urar a gudun da ka saba barinta, ba mafi ƙarfi ba, ka sake ƙirga mintunan da lambar za ta sauko rabi. Raba 42 da mintunan, abin da ya fito shi ne kusan sau nawa ake tace iskar a awa. In cikin minti 8 ta sauko rabi kana wajen sau 5, madalla. In sai da ta yi minti 20, sau 2 ne kawai, kuma cikin wannan ma sai ka cire abin da ɗakin ke yi da kansa. In gwajin biyu kusan ɗaya suka ba ka, to na'urar ado ce, koma mataki na 2 da na 3. In kuma lambar ta sauko da sauri sai ta tsaya a sama ta ƙi ƙarasawa, akwai inda datti ke shigowa, koma mataki na 4.

Don ka san inda ka dosa, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta sa matsakaicin PM2.5 na awa 24 kar ya wuce maikirogiram 15 a kubik mita, na shekara kuma 5. Ƙananan mitoci ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, danshi mai yawa ma yana sa su ƙara lamba, amma don kwatanta kafin da bayan sun wadatar.

In babu mita, kashe fitila da daddare ka haska tocila a tsakiyar ɗaki ka ga yawan ƙurar da ke yawo a hasken, ka kunna na'ura awa ɗaya ba tare da zirga-zirga ba ka sake dubawa. Manyan ƙwayoyi kaɗai za ka gani, su ma wasu sauka suka yi da kansu, don haka alama ce kawai. Wata alamar ita ce launin filta, in ta yi wata biyu tana aiki har yanzu fara ce fat ta gefen da iska ke shiga, akwai tambaya.

Mataki na 8: Kashe maɓallin ayon, ka guji mai ozon

Wasu na'urori ba ma kasa gyara iska suke ba, ɓata ta suke. Duk wadda aka ce tana fitar da gas ɗin ozon ko "iskar oksijin mai ƙarfi" don kashe wari, kar a kunna ta inda mutane suke. Ozon yana ƙona hanyar numfashi yana tayar da asma, kuma in ya haɗu da ƙamshin lemo ko na itacen fir da ke cikin kayan goge-goge da turaren fesa ɗaki yana haifar da wasu ƙananan ƙwayoyi da gas ɗin fomaldihaid. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana sayar da na'urar tace iska ta gida da ke fitar da ozon sama da 0.05 a cikin miliyan. Wannan ƙamshin mai kama da na bayan tsawa da wasu ke cewa ƙamshin tsabta ne, shi ne ozon ɗin.

Masu ayon kuma caji suke sa wa ƙura ta manne a bango da labule, shi ya sa ake ganin baƙi-baƙi a bangon da ke kusa da su, ba a fitar da dattin daga ɗaki ba, wasunsu kuma suna fitar da ɗan ozon. In taka HEPA ce mai ƙarin maɓallin ayon, kashe shi ka bar filta ta yi aikinta. Tukwanen shuke-shuke ma da ake cewa suna tace iska, labarin ya samo asali ne daga gwajin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, na 1989 a rufaffen akwati, wani bita da masu bincike a jami'ar Drexel suka fitar a 2019 ya nuna sai an sa shuka 10 zuwa 1000 a kowace murabba'in mita kafin su kai abin da musayar iska ta yau da kullum ke yi a gini. A ajiye su don ado.

Mataki na 9: Kula da filta

Ragar gaba mai kama gashi da manyan ƙura, a share ta duk sati biyu zuwa huɗu, in mai wankuwa ce a wanke a bari ta bushe sarai kafin a mayar. HEPA kanta ba a wanke ta sai in kamfanin ya rubuta ƙarara, ruwa na lalata zarenta, ga funfuna in ba ta bushe ba. Bugun ta a bango ko hura mata iska mai ƙarfi ma yana huda ta. Yawancin kamfanoni wata 6 zuwa 12 suke cewa a canza, amma inda ƙura ko hayaƙi ya yi yawa ba ta kaiwa, fitilar "canza filta" kuwa a yawancin na'urori agogo ne kawai ke ƙirga awanni, ba ta san halin da filtar ke ciki ba. Gwajin tishu da ƙarfin iskar da ke fita su za su gaya maka gaskiya. In na'urar ta fara fitar da wari mai tsami, gawayin ya cika ya fara amayar da abin da ya sha. Wajen canzawa ka saka tsohuwar a leda tun a wurin ka ɗaure, kar ka ratsa gida da ita a buɗe.

Mataki na 10: In na'urarka ta yi ƙarama ko ba ka da ita

Akwai wadda ake haɗawa da hannu, akwatin Corsi-Rosenthal, da sunan Richard Corsi da Jim Rosenthal da suka fito da ita a 2020 lokacin korona. Kana buƙatar fanka mai siffar akwati ta inci 20, filta huɗu masu lambar MERV 13 (MERV ma'aunin ƙarfin kamawar filta ne) daidai girmanta, kwali, da salatif mai ƙarfi. Tsayar da filtocin huɗu su yi akwati, kibiyoyinsu duk su kalli ciki, liƙe kusurwoyin, rufe ƙasa da kwali, ɗora fankar a sama tana hurawa sama, ka liƙe duk wata kafa. MERV 13 ba ta kai HEPA kamawa a zagaye ɗaya ba, amma yawan iskar da ke ratsawa ya sa take doke na'urori da dama. In filta ɗaya ka samu, manna ta a bayan fankar ma yana ragewa. Yi amfani da fanka sabuwa mai lafiyayyar waya, kar ka yi da tsohuwar da ke zafi.

Masu gida mai bututun sanyaya ko ɗumama gida gaba ɗaya, filtar bututun tana tacewa ne kawai lokacin da fankar ke juyawa, kuma siririyar da aka saba sawa injin take karewa ba huhunka ba. Kafin ka koma MERV 13 ka tambayi mai gyara ko injin zai iya ja. Esin bango kuma ragarsa manyan ƙura kawai take tarewa, kuma ba ya shigo da iskar waje, ta ɗakin yake juyawa.

Wannan ya kawo mu ga abin da toshe ɗaki ke jawowa. In mutum biyu ko uku suka kwana a ɗakin da aka toshe ko'ina, ƙura za ta sauka amma kabon dayoksaid zai hau, a waje wajen 420 a cikin miliyan yake, a rufaffen ɗakin barci yana iya wuce 1000 da nisa, sai a tashi da nauyin kai ana zargin na'ura. Don haka ka zaɓi lokacin da iskar waje ta fi kyau, nesa da lokacin cunkoson motoci ko ƙona shara, ka buɗe taga biyu masu kallon juna minti 10 zuwa 15, ka rufe, ka sa na'urar a mafi ƙarfi rabin awa ta kwashe abin da ya shigo. In waje ya yi muni ranar, buɗe ƙofar ɗakin zuwa cikin gida maimakon taga, sai ka ƙara wa na'urar gudu tunda yanzu wurin da take tacewa ya ƙaru.